Jiki Magayi: Wa Ramuwar Gayya Take Ci?

Idan kaka ta yi a nan Maska, aka gama karyar masara, auduga ta fara shigowa gida, hirar majalisa ba ta wuce lissafi. Wane ya samu buhu kaza, wane tsadar taki ta karya shi, wane sai ya sayar da rabin amfaninsa a kasuwar Funtua kafin ya fita daga bashi. Amma akwai wani lissafin na biyu da ba a rubuta shi a takarda, a zuci ake ajiye shi. Wane ya ci mini kunya biyu a iyakar gona. Wane ya saki dabbobinsa suka shiga wakena. Wane ya shiga ya fita har aka hana ni auren wance. Shi ma wannan lissafi yana jiran ranar biya, kuma da magana ɗaya ake rufe shi: "Wallahi sai na rama."

Na ji wannan rantsuwa a bakin tsofaffi, na ji ta a bakin yara, ni ma na taɓa yin ta. Ita ce ta mayar da ni kan wani ɗan ƙaramin littafi da yawancinmu muka karanta a makaranta don cin jarrabawa, muka ajiye shi ba tare da mun tsaya mun ji abin da yake faɗa mana ba. Tambayar da nake so mu duba tare ita ce: idan mutum ya rama, a kan wa ramuwar take sauka?

Littafin da labarinsa

A shekarar 1933 Hukumar Fassara da ke Zariya, ƙarƙashin jagorancin Rupert East, ta nemi 'yan boko su rubuta ƙagaggun labarai da Hausa. Daga wannan yunƙuri aka samu Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo. Na biyar ɗinsu shi ne Jiki Magayi, wanda John Tafida, mutumin Wusasa, ya rubuta tare da shi East ɗin. Littafi ne da za ka iya gamawa tsakanin la'asar da magariba. Ya kuma sha bamban da 'yan uwansa. Ba barkwancin Ruwan Bagaja a cikinsa, ba kirarin yaƙi irin na Ganɗoki. Rikici ne na cikin gida, irin wanda kowace unguwa ta san kwatankwacinsa.

Ga yadda abin yake a taƙaice. Wani saurayi, Abubakar, suna son juna da wata yarinya, Zainabu. Sai wani attajiri, Malam Shehu, wanda Allah ya ba dukiya amma bai ba shi haihuwa ba, ya sa rai cewa ta wurin Zainabu zai samu magaji. Ya yi amfani da abin hannunsa da kuma asiri, ya raba ta da Abubakar, ya aure ta. Abubakar ya sha alwashin ramawa. Ya bar gari, ya shiga duniya da dazuzzuka neman maganin da zai huce haushinsa, ya sha baƙar wahala kafin ya samu. A can gida kuwa Zainabu ta haifi ɗa namiji, wanda ake kira Kyauta. Da Abubakar ya dawo, a kan wannan yaro ya sauke abin da ya ɗauko. Kyauta ya tashi gagararren ɓarawo, ya zubar da mutuncin gidansu, ya bi duniya. Kunya ta sa iyayensa suka bar garinsu. Wani dare ya shiga wani gida sata, ya kashe mai gidan, ashe mahaifinsa ne. Da ya ji asalin abin da ya same shi, shi ma ya tashi neman Abubakar don ya rama. Mutuwa ta riga shi.

Gatsen baki da gatsen ƙaddara

Bahaushe ya san gatse tun yana goye. Uwa ta ga ɗanta yana wasa da wuƙa, ta ce, "Yawwa, ci gaba, ka kyauta!" Baki ya faɗi abu, nufi yana kishiyarsa, kuma mai ji ya gane. Wannan gatsen baki ke nan. Akwai kuma wani iri da ya fi shi nauyi, wanda zan kira gatsen ƙaddara. A nan ba wanda ya yi magana. Al'amari ne da kansa yake juyewa, mutum ya yi gudu da dukkan ƙarfinsa zuwa ga abin da yake tsammanin yana guje wa, ko ya samu ainihin abin da ya roƙa, ya zama shi ne ajalinsa. Marubuci mai hikima yakan bar mai karatu ya hango ramin alhali na cikin labarin bai gani ba, kuma daga nan zafin labarin yake fitowa. Jiki Magayi a kan irin wannan gatse aka gina shi, hawa-hawa.

Hawa na farko yana cikin sunan yaron. A al'adarmu Kyauta suna ne da ake ba wanda aka daɗe ana jira, wanda aka samu bayan an kusa fid da rai. Malam Shehu ya taka wani don ya samu wannan kyauta. Ya samu kuwa, addu'arsa ba ta faɗi ƙasa ba. To amma magajin da ya nema don sunansa ya ɗore shi ne ya fara ɓata sunan, sannan ya ɗauke ransa. Da bai haihu ba, da wataƙila ya mutu a kan shimfiɗarsa da girmansa. Duk lokacin da aka kira sunan yaron a cikin littafin, mai karatu yana jin abu biyu a lokaci ɗaya, godiya da kuma barazana.

Hawa na biyu yana cikin gudun kunya. Iyayen sun bar garinsu don su yi nesa da abin da ɗansu ya jawo musu. Da sun zauna inda suke, yaro ya san ƙofar gidan ubansa ko a cikin duhu. Ƙaurar da suka yi don neman tsira ita ce ta mayar da uba baƙo a idon ɗansa. Wanda ya san labarin Odifas na tsoffin Girkawa, wanda ya gudu daga garin da ya tashi don kada ya kashe ubansa, ya je ya kashe uban nasa na gaskiya a kan hanya bai sani ba, zai ga dangantakar. Sai dai akwai bambanci mai muhimmanci. A wurin Girkawa abin an riga an yanke shi tun kafin a haifi yaron. A Jiki Magayi kuwa mutane ne suka ƙulla shi da hannunsu, ɗaya da kwaɗayi, ɗaya da gaba. Shi ya sa labarin Hausan yake da wanda za a tuhuma.

Hawa na uku shi ya fi damuna, kuma ba a cika tsayawa a kansa ba a aji. Me ya tayar da Abubakar tun farko? Son Zainabu. To a ƙarshen labarin wa ya fi kowa asara? Malam Shehu ya mutu, nasa ya ƙare a dare ɗaya. Abubakar ya mutu. Zainabu ce ta rayu ta ga ɗan da ta ɗauki cikinsa wata tara ya lalace a gabanta, ta bar garinsu cikin kunya, ta ga gawar mijinta, ta kuma san hannun da ya kashe shi. Da maƙiyinta ne ya zauna ya tsara mata azaba, da ƙyar zai tsara wadda ta kai wannan. Amma masoyinta ne ya yi. A duk tsawon wahalar da Abubakar ya sha a daji, fuskar Malam Shehu ce a gabansa. Gaba ta cika zuciyar har ba ta bar wa soyayyar wurin zama ba. Ya fita gida yana mai son Zainabu, ya dawo yana mai ƙin Malam Shehu kawai, kuma bai lura da lokacin da musanyar ta faru ba.

Hawa na huɗu shi ne rufewa. Kyauta, wanda aka yi amfani da shi kamar wuƙa, shi ma ya ɗauki wuƙa. Da ya samu Abubakar da rai ya kashe shi, da labarin ya ba mu ɗan sanyin da muke nema, mu ce mugu ya ga sakayya. Marubutan sun hana mu wannan sanyi. Mai ramuwa na biyu ya isa ya tarar ba wanda zai rama a kansa. Ya rage daga shi sai abin da hannunsa ya aikata, wanda kashe mutum goma ba zai goge ba.

Ramuwar da ta samu saiti

Wani zai ce, to ai kuskuren Abubakar shi ne ya yi harbi ya sami wanda bai nufa ba. Da ya nufi Malam Shehu kai tsaye, ya gama da shi ba tare da ya taɓa kowa ba, ai shi ke nan. Don amsa wannan sai mu leƙa wani gajeren labari daga wata duniyar.

A 1846 marubucin nan na Amurka, Edgar Allan Poe, ya fitar da labarin da ya kira The Cask of Amontillado, wato gangar wata giya mai tsada da ake kira Amontillado. Mai ba da labarin, Montresor, ya ce wani mai suna Fortunato ya ci masa mutunci, ko da yake har labarin ya ƙare bai gaya mana abin da aka yi masa ba. Ya gindaya wa kansa sharuɗɗa biyu: ramuwa ba ta cika ba sai mai ramawa ya tsira ba a kama shi ba, kuma sai wanda aka rama a kansa ya san daga inda abin ya fito. A daren wani bikin shekara da ake shigar ban dariya, ya tari Fortunato a buge, sanye da hular wawan sarki mai ƙararrawa. Ya san mutumin yana alfahari da sanin giya, sai ya ce masa ya sayi wata ganga amma yana shakkar ko ta gaskiya ce. Girman kai ya ja Fortunato har cikin kogon ƙarƙashin gidan Montresor, inda ake ajiye giya da ƙasusuwan kakanni. A can ya ɗaure shi da sarƙa a wani lungu, ya gina bango ya rufe shi da ransa.

Labarin cike yake da gatsen baki. Sunan Fortunato ma'anarsa mai sa'a. Montresor yana ta nuna damuwa da tarin da mutumin yake yi, yana roƙonsa su koma don kada sanyin kogon ya cutar da shi. Har ya ɗaga kofi yana yi masa fatan tsawon rai. Mu masu karatu mun san abin da ke zuciyarsa, shi wanda ake ja bai sani ba. Kuma dabarar ta yi aiki ɗari bisa ɗari. Ba a kama shi ba, bai taɓa ɗan kowa ba, bai taɓa matar kowa ba.

To amma yaushe yake ba da labarin? Bayan shekara 50. Tsoho ne da ya kusa kabari, kuma yana tuna kowane jerin dutse da ya ɗora, da kowace ƙara da ta fito daga bayan bangon. Ya ma faɗi cewa da ya zo ƙarshen ginin zuciyarsa ta tashi, sai ya yi maza ya ɗora laifin a kan danshin kogon. Wanda ya huce ba ya riƙe abu haka. Fortunato ya sha azabarsa ta ɗan lokaci ya tafi, Montresor kuwa ya yi rabin ƙarni yana gadin kabari a ƙarƙashin ɗakin kwanansa. Bangon da ya gina mutum biyu ya rufe.

Ka ga ke nan labaran biyu sun tare hanya ta gaba da ta baya. Idan ramuwa ta kauce, ta ci wanda bai ji ba bai gani ba, kamar Kyauta da Zainabu. Idan ta samu saiti, ta ci mai ita. Hausa ma ta riga ta haɗa abin a kalma ɗaya: wanda ya mayar da cuta mun ce ya rama, wanda jikinsa ya zube don ciwo ko damuwa ma mun ce ya rame. Da wuya ka ga mai neman na farkon da na biyun bai kama shi ba.

To sai wanda aka zalunta ya yi shiru?

A nan dole mu yi wa Abubakar adalci, domin idan muka tsaya a kan cewa ramuwa ba ta da kyau kawai, mun zama 'yan amshin shatan masu ƙarfi. Abubakar an cuce shi. Bai yi wa kowa laifi ba, talaucinsa ne kaɗai aibinsa. Mai kuɗi ya ga abin da yake so ya ɗauka, jama'a suna kallo. Mun san irin wannan har gobe: saurayi ya yi shekara uku yana neman yarinya, ya yi noman gayya a gonar surukai, rana ɗaya wani ya faka mota a ƙofar gida, magana ta canja. Sannan a dafa kafaɗarsa a ce, "Yi haƙuri, ba matarka ba ce." Sau da yawa haƙurin da muke wa'azi a kansa na talaka ne kaɗai. Ba a cika zuwa wurin Malam Shehu a ce ya yi haƙuri ya bar wa yaro budurwarsa ba.

Littafin bai wanke Malam Shehu ba, shi ne ya fara haƙa ramin. Abin da littafin ya nuna shi ne zafin zalunci ba ya mayar da kowace irin amsa ta zama daidai. Akwai neman hakki, akwai ramuwar gayya, kuma addininmu ya shata iyaka a tsakaninsu ƙarara. Alƙur'ani bai hana wanda aka cuta neman hakkinsa ba. A cikin Suratus Shura an nuna cewa sakamakon cuta shi ne kwatankwacinta, sannan aka kwaɗaitar da yafewa da gyara, aka ce ladan mai yin haka yana wurin Allah. A wurare da dama kuma, ciki har da Suratul An'am da Suratu Faɗir, an maimaita cewa ba a ɗora wa wani rai nauyin laifin wani. Malamai sun yi bayani cewa ƙisasi aikin hukuma ne, ba na kowa da kowa ba. Idan ka tattara za ka samu ma'auni uku. Sakamako ya tsaya a kan mai laifi. Ya zama daidai da girman laifin. Ya bi ta hannun alƙali ko shugaba, ba ta hannun wanda zuciyarsa ke tafasa ba.

Ɗora aikin Abubakar a kan wannan ma'auni. Ya bar mai laifi ya kama jariri. An raba shi da budurwa, ya biya da lalata rayuwa ɗaya da kashe wata. Shi ne mai ƙara, shi ne alƙali, shi ne mai zartarwa. Duka ukun ya faɗi. Shi kuwa Montresor ko laifin ma bai iya faɗa mana ba, sai hukuncin.

Dalilin da ya sa ake cire hukunci daga hannun wanda aka cuta ba raina ciwonsa ba ne. Dalilin shi ne mai ciwo ba ya iya awo. Wanda aka mara yana jin zafin marin fiye da yadda mai marin yake tsammani, don haka idan ya tashi ramawa sai ya ƙara, yana ganin daidai ya yi. Wancan kuma ya ji an wuce gona da iri, ya ga yanzu shi ake bi bashi. Kowane ɓangare yana da littafin lissafinsa, kuma a kowane littafi ɗayan ne ya fara. Da muke cewa ramuwar gayya ta fi ta gayya zafi, mukan faɗe ta da alfahari, alhali gargaɗi ce: abin da yake ƙaruwa a kowane zagaye ba shi da ranar ƙarewa. Larabawan jahiliyya sun yi yaƙin Basus tsakanin ƙabilun Bakar da Taglib, wanda ake cewa ya kai shekara 40, kuma a kan raƙuma ɗaya ya faro. Shi ya sa a Huɗubar Ban Kwana Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya soke bashin jinin jahiliyya, ya kuma fara da jinin da danginsa suke bi. Wanda ke kiran a ajiye makami, shi ya kamata ya fara ajiye nasa.

Kyautocin zamaninmu

Mu mutanen kudancin Katsina ba ma buƙatar littafi ya koya mana wannan. Daga Faskari zuwa Sabuwa, daga Ɗandume zuwa Ƙanƙara, mun ga yadda abin yake tafiya. An sace shanu, an tare wani a hanyar kasuwa an kashe shi saboda kamanninsa, an dawo da dare an ƙona ƙauye, an wayi gari an far wa rugar da ba ta san hawa ba ba ta san sauka ba. Ba ina cewa duk ta'asar 'yan bindiga ramuwa ce ba. Mafi yawanta zalunci ne da neman kuɗi tsagwaronsa, kuma kare kai daga mai kawo hari hakki ne da ba mai musunsa. Amma kalmar ramuwa ita ce rigar da ake sa wa ɓarnar, ita ce kuma ake jan sababbin yara da ita. A watan Disamba na 2020 an kwashe ɗalibai fiye da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara. Ko wane uzuri masu aikin suka kawo, yaran nan ba su ɗauki saniyar kowa ba, ba su kashe ɗan uwan kowa ba. An kama su ne don a ƙuntata wa wasu, kamar yadda aka kama Kyauta.

Sannan ka tuna yaron da ya ga an kashe ubansa a gabansa, ko a ƙauye ko a ruga. Idan ba wanda ya tsaya masa, ba kotun da ta saurare shi, wani zai zo ya ba shi bindiga ya ce ga hanyar huce haushi. Maganin da Abubakar ya sha wahalar nema a daji yau ba ya buƙatar boka. Gaba ce da ake ɗura wa yaro tun yana ƙarami, har ya tashi bai san wata sana'a ba sai ita. Kuma kamar Kyauta, a ƙarshe gidansu yake fara ci.

A nan ne nauyin yake komawa kan shugabanni, daga mai unguwa har zuwa sama. Duk inda mai ƙaramin ƙarfi ya tabbata cewa ƙararsa ba za ta je ko'ina ba, an buɗe masa hanyar daji. Da a ce tun ranar farko wani dattijo ya tsaya ya ce wa Malam Shehu, "Malam, yarinyar nan da maganar wani a kanta, ka janye," da ba a samu labarin da za a rubuta ba. Masu yi wa wanda aka cuta wa'azin haƙuri, wajibi ne su yi wa azzalumi wa'azin adalci da murya mai ƙarfi iri ɗaya.

Abin ba sai ya kai ga jini ba. Na ce ni ma na taɓa yin rantsuwar. Wata shekara muka samu saɓani da wani maƙwabcin gona a kan iyaka, na tabbata an ci mini ƙasa, har yau ma ina ganin da gaskiyata. Na daina gaishe shi, na kuma hana yarana shiga gidansa. Wata rana ƙaramar 'yata ta tambaye ni, "Baba, me ƙawata ta yi mana?" Ban samu amsa ba. Shi mutumin yana barcinsa lafiya, yana noma kunyoyin da muke rigima a kansu. Waɗanda hukuncina ya hau kansu yara biyu ne 'yan shekara bakwai. Daga baya dattawa suka fita da mu gonar, aka duba tsohon layin gamba, aka tsayar da iyaka. Ban samu duk abin da nake ganin nawa ne ba, amma na samu mafi yawansa, kuma a yini ɗaya. Gabar da na riƙe wata da watanni ko taƙi ɗaya ba ta dawo mini da shi ba.

Abin da jiki yake gayawa

Sunan littafin karin magana ne. Jiki magayi, wato abin da kunne ya ƙi ji, jiki zai ba da labarinsa. Yawanci mukan ɗauka Malam Shehu ake nufi, ya yi zalunci ya gani a jikinsa. Haka ne, amma karin maganar ba ta ware kowa ba. Abubakar ma jikinsa ya gaya masa, ya ƙarar da ƙuruciyarsa a daji, bai samu Zainabu ba, bai gina nasa gidan ba. Abin takaicin shi ne jikin Kyauta da na Zainabu su ma sun ji, alhali ba su aka yi wa gargaɗin ba. Magabata sun ce in za ka gina ramin mugunta, gina shi gajere, don wataƙila kai za ka faɗa. Jiki Magayi ya ƙara mana da cewa rami ba ya tambayar sunan mai faɗawa, kuma yara sun fi manya yawan gudu a tsakar gida.

Ba na ce kowa zai iya abin da Annabi Yusuf, amincin Allah ya tabbata a gare shi, ya yi ba, da 'yan uwan da suka jefa shi rijiya suka zo hannunsa yana da cikakken iko, ya yafe musu. Wannan daraja ce ta zaɓaɓɓu, kuma ba a tilasta wa wanda aka cuta ya yafe. Ka nemi hakkinka, ka kai ƙara, ka tara dattawa, ka ɗaga murya har a ji. Amma ranar da ka ji rantsuwar nan ta taso maka, kafin ta fita daga bakinka, ka tsaya ka duba gidanka da gidan wanda ya cuce ka, ka tambayi kanka wane ne Kyauta a cikin wannan magana, wace ce Zainabu. Da wuya ka rasa su. Sau da yawa ma suna zaune kusa da kai, suna cin tuwo a kwano ɗaya da kai.